Nufin Allah Ga Mai Bi, Da Yadda A Ke Gane Shi

Ya kai mai karatu, wanda ka ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu Almasihu kwanan nan, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana bincike: akwai wata tambaya wadda ba ta daɗewa sai ta taso a zuciyar sabon mai bi. Watau, yanzu fa, me Allah ya ke so in yi da raina? In zauna a garinmu, ko in tashi? In riƙe sana'ar ubana, ko in nemi wata? Wa zan aura, tun da ya ke gidan da suka yi mini alkawari sun janye? Tambaya ce mai kyau, gama bawan da ba ya tambayar nufin ubangidansa bai san bauta ba tukuna. Amma akwai hanyar tambaya wadda ta dace da 'ya'yan Allah, akwai kuma wadda ba ta dace ba.

Ka san al'adar ƙasarmu, daga Bagudo zuwa Ka'oje, daga Illo zuwa Lolo. In mutum zai yi tafiya, ko aure, ko zai zuba jari, sai ya tafi wurin mai duba ko boka, a buga masa ƙasa, a gaya masa ranar sa'a da ranar da ba ta da kyau. Ya biya, ya tashi. Sau da yawa sabon mai bi yakan bar gidan boka da ƙafarsa, amma ya shigo da halin nan cikin ikilisiya. Sai ka ga ya rufe ido ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ɗora yatsa a kan aya, ya ce Allah ya yi magana. Wani kuwa ba ya motsi sai ya yi mafarki. Wani ya mai da fasto ɗan duba, yana so a gaya masa abin da gobe za ta haifa. Wannan duk bugun ƙasa ne da sabuwar riga. Allah ya hana jama'arsa duba da sihiri tun zamanin Musa, kamar yadda za ka gani cikin Kubawar Shari'a sura 18. Mai zuwa wurin boka so ya ke ya san gobe domin ya tsere wa wahala. Ɗan Allah kuwa so ya ke ya san Ubansa domin ya yi masa biyayya, ko da wahala, ko babu.

To, ka sani, mafi yawan nufin Allah dominka an riga an rubuta shi, ba ya bukatar mafarki. Manzo Bulus ya faɗa wa masu bi na Tasalonika a fili, cikin wasiƙarsa ta fari, sura 4 da ta 5, cewa abin da Allah ya ke so gare su shi ne zaman tsarki, da guje wa fasikanci, da yin godiya cikin kowane hali. Ya gaya wa Afisawa, sura 4, su bar ƙarya, ɓarawo ya bar sata ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin taimakon mabukaci. Mutumin da ya tsallake waɗannan yana roƙon Allah ya nuna masa ko Birnin Kebbi zai tafi ko Legas, kamar yaro ne wanda ubansa ya aike shi rijiya ya ƙi, sa'an nan ya zo yana tambaya yaushe za a ba shi garken shanu.

Bari mu kawo maganar kusa da gida. Kai da ke zaune a bakin iyaka, inda mutum kan karya kumallo a Tsamiya ya yi cinikin rana a Segbana cikin ƙasar Benin, ka san irin kuɗin da a ke samu wajen ratsa daji da dare da buhunan shinkafa ko jarkokin man fetur. Sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, har zuwa Disamba na 2020 da ta fara buɗe waɗansu, ribar fasa-ƙwauri ta hau, samari da yawa kuwa suka ce Allah ne ya buɗe musu ƙofa. In abokinka ya zo maka da irin wannan magana, kada ka ce bari in yi addu'a kwana uku in ji. Ba abin addu'a ba ne, gama an riga an amsa. Romawa sura 13 ta umarci mai bi ya yi biyayya ga hukuma, ya biya haraji da kuɗin fito ga wanda ya wajaba. Aikin da ba ya yiwuwa sai da ƙarya da toshiyar baki da ɓuya, ba Allah ne ya kira ka gare shi ba. Na sani maganan nan tana da nauyi ga wanda ambaliya ta cinye masa shinkafar fadama, ga yara suna kuka. Ba na raina yunwa. Amma fatauci na halal ba laifi ba ne, kakanninmu fatake sun bi ta Illo zuwa Gwanja sayen goro shekaru aru-aru. Ka yi ciniki da rana, ta hanyar da doka ta yarda, da mudu na gaskiya, ko da ribar ƙanƙanuwa ce.

Ka lura kuma, buɗaɗɗiyar ƙofa ba kullum ce shaidar yardar Allah ba. Annabi Yunusa, sa'ad da ya ke gudun aiken Nineba, ya iske jirgi a shirye a Yafa, ga kuɗin jirgi a hannunsa. Kome ya yi masa daidai, amma hanyar tawaye ce. Rufaffiyar ƙofa kuma ba kullum ce alamar fushinsa ba. Cikin Ayyukan Manzanni sura 16 Bulus ya yi niyyar wa'azi a Asiya, aka hana shi, ya nufi Bitiniya, aka sāke hana shi, sai da ya gangara Taruwasa a bakin teku kana aka nuna masa Makidoniya. Yana cikin tafiya aka bi da shi, ba yana kwance a ɗaki ba. Ko matuƙin jirgi a Kwara ya san sai jirgi yana tafiya ya ke jin juyi.

Ga wani labari na ƙasarmu. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin kai bishara cikin ƙasar Sudan, watau ƙasashen nan namu na arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku cikin ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida. Bingham, wanda zazzaɓi ya kayar tun a Legas, ya koma gida. Ya sāke zuwa a 1900, ciwo ya sāke mai da shi. Sai a 1902 waɗansu da ya tura suka kafa mazauni a Patigi, a bakin Kwara. Shi Bingham bai sami abin da ya fara nema ba, watau ya zauna cikin ƙasar yana wa'azi da bakinsa. Aikin da Allah ya ajiye masa shi ne ya tara waɗansu ya aiko, ya kuwa yi ta yinsa har rasuwarsa a 1942. Daga wannan ƙungiya ta SIM ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, ma'aikatanta kuma suka shiga Dahomey, wadda a ke kira Benin yanzu, a 1946. Da ka tambayi Bingham a 1895, ga kaburbura biyu a bayansa, ina nufin Allah, ba lalle ya iya ba ka amsa ba. Abin da ya sani shi ne mataki na gaba, shi ya taka.

Kai ɗan bakin kogi ne, ka san abin mamakin Kwara. Bayan damina ta wuce, ciyawa ta bushe, cikin ɗari wajen Janairu da Fabrairu, sai ruwa ya sāke cika a Lolo alhali ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Ruwan nan tun da damina ya zuba a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa Mali da Nijar kafin ya iso. Haka amsar addu'a ta ke sau da yawa: ta riga ta taso, tana hanya, kai ne ba ka gan ta ba.

Amma a kan al'amuran da Littafi bai ambata da suna ba, kamar zaɓen sana'a ko wurin zama, yaya za ka yi? Ka roƙi hikima, gama Yaƙub sura 1 ta ce Allah ba ya rowarta. Sa'an nan ka dubi abin da ya riga ya sa a hannunka. In kai manomi ne, ko masunci, ko makiyayi, ko ke 'yar'uwa mai sana'ar gida ce, kada ku ce sai wanda ya hau bagade ya ke yi wa Allah aiki. Bulus da kansa ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Biriskila. Ba kowa a ke kira makarantar Littafi Mai Tsarki ba, kuma wanda ya gudu can domin noma ya ishe shi, nauyi zai zama wa ikilisiya. In kuwa kana jin kira na gaske, kada ka naɗa kanka. Barnaba da Shawulu ma ikilisiyar Antakiya ce ta keɓe su da azumi da addu'a. Ka kai maganarka gaban dattawa waɗanda suka san halinka, ka jure in sun ce ka dakata. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, in ji mutanenmu.

Saura magana mafi wuya, ta zama ko tashi. Wataƙila tun da ka tuba an daina cin tuwo da kai, an janye gonar gado, ana yi maka kallon bare a gidan da aka yanke maka cibiya. Zuciya za ta ce ka haye kogi ka ɓace. Ka tuna da mutumin nan na Markus sura 5 wanda Yesu ya raba da aljannu. Ya roƙa a bar shi ya shiga jirgi tare da Ubangiji, amma aka mai da shi gida wurin danginsa, ya ba su labarin jinƙan da aka yi masa. Ga yawancin masu bi, wurin aikinsu na fari shi ne ƙofar gidansu. Ka gai da mahaifinka da ladabi fiye da dā. Ka riga kowa fita gayya. In an yi rasuwa, ka je gaisuwa. Ka biya bashin da ka ci tun kana cikin duhu, ko mai shi ya manta. Mutanen da ba za su saurari wa'azinka ba, za su karanta halinka.

Duk da haka akwai lokacin da tashi shi ne daidai. In ranka yana cikin hatsari, ko ana tilasta maka ka yi musun Ubangijinka, ba rashin bangaskiya ba ne ka kauce, gama shi kansa Bulus cikin kwando aka zurara shi ta ganuwar Dimashƙu da dare. Sai dai kada ka yanke wannan shawara kai kaɗai, kada kuma ka yanke ta cikin fushi. Ka gaya wa dattijon ikilisiya, a san inda za ka sauka da wanda zai karɓe ka, a ba ka takarda zuwa ga masu bi na can. In kana da mata da 'ya'ya, ka shirya abincinsu kafin ka ɗaga ƙafa, ka kuma bar wa iyayenka hanyar da za su aiko maka in wata bukata ta same su.