DARASI: HAƘƘIN TSUNTSUN DA YA FAƊO GIDANKA DA RAUNI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake ciyar da tsuntsu alhali ba shi da gona ba shi da rumbu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari da yawancinmu muke ɗauka ƙarami. A lokacin bazara, sa'ad da zafi ya tsananta cikin Afrilu da Mayu, da kuma farkon damina idan iska ta kakkaɓe sheƙuna, akan tarar da kurciya ko hasbiya a tsakar gida ta kasa tashi, ko ɗan shamuwa ya faɗo daga bisa itace. Abin da ya fi aukuwa shi ne yara su ɗaura wa tsuntsun zare a ƙafa su yi ta ja har ya mutu, manya kuwa suna zaune suna kallo. To, mu sani wannan tsuntsu amana ce ta shigo gida, kuma maigida ne za a tambaya.

Matsayinsa a shari'a

A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. A Suratun Nur, aya ta 41, Ya ambace su cikin masu yi Masa tasbihi. Wanda ya azabtar da tsuntsu, mai tasbihi ya azabtar.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya dawo ya gani, sai ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya kuma yi umurni a mayar mata da ƴaƴanta. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda mussar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Waɗannan hadisai biyu su ne ma'aunin darasinmu: dabbar da ta shigo hannunka tana iya zama sanadin gafara, tana iya zama sanadin azaba.

Yadda za a kula da shi

Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wadatarwa, domin tsuntsaye da yawa a hannun masu tausayinsu suke mutuwa saboda rashin sani. Ga abubuwan da ya kamata a kiyaye:

1. A kama shi a hankali da tsumma mai tsabta, a rufe masa kai, a haɗe fukafukansa da jikinsa. Kada a matse masa ƙirji, domin da motsin ƙirji yake numfashi. A yi hattara da faratan shaho da na mujiya, da bakin zalɓe, don ido yake nufa.

2. A sa shi cikin kwali mai huda-huda, a shimfiɗa tsumma a ƙasa, a ajiye a inuwa inda babu hayaniya, nesa da mussa da yara. Duhu yana kwantar masa da hankali, tsoro kuwa shi kaɗai yana iya kashe shi. Wanda zafi ko karo da bango ya sumar yakan farfaɗo bayan sa'o'i kaɗan.

3. Kada a ɗura masa ruwa a baki. Ƙofar numfashinsa tana gindin harshe, ruwan yakan sarƙe shi. A zuba ruwa kaɗan a murfi mara zurfi, ya sha da kansa. Kada a ba shi madara ko nono, cikinsa ba ya narkar da su.

4. A ba kowane irin abincinsa. Kurciya da hasbiya hatsi da dawa suke ci, shamuwa da balbela fara da ƙwari, shaho da mujiya kuwa nama.

5. Idan jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta har ya tsaya. A wanke rauni da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri kaɗan. Kada a shafa toka ko baƙin mai, kada kuma a ba shi maganin mutane.

6. Karayar fiffike ko ƙafa, da cizon mussa ko da raunin ƙarami ne, aikin likitan dabbobi ne. A kai shi ma'aikatar kiwo, ko a sanar da ma'aikatan gandun daji.

7. Ɗan tsuntsun da bai gama gashi ba, a mayar da shi sheƙarsa idan an gan ta. Zancen da ake yi cewa uwa tana ƙin ɗanta idan hannun mutum ya taɓa shi ba gaskiya ba ne.

Kare lafiyar iyali

Tausayin tsuntsu ba ya halatta jefa iyali cikin cuta. A watan Fabrairu na 2006 an tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Magariya, cikin jihar Damagaram, cuta ce kuma da take iya kama mutum. Saboda haka idan an ga tsuntsu yana layi ko yana karkace wuya alhali babu rauni a jikinsa, ko aka tarar da matattu da yawa wuri guda, kada a taɓa da hannu, kada a yanka a ci, a nisantar da kaji da zabi, a sanar da ma'aikatan kiwo. Duk wanda ya taɓa tsuntsun daji ya wanke hannuwansa da sabulu.

Mas'aloli uku

Ta farko: shin ya halatta a riƙe shi bayan ya warke? Hadisin Anas (R.A.) game da ƙanensa Abu Umairu, wanda yake da ɗan tsuntsu, shi ne hujjar malamai a kan halaccin ajiye tsuntsu, da sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa. Amma wanda ya girma a daji sakinsa ya fi, da zarar ya iya tashi sosai, da safe, kusa da inda aka same shi. A tuna kuma a 1998 ƙasarmu ta kafa dokar da ta tsara farauta da kare namun daji. Ungulu, wadda a da take cika mahautanmu, tun 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya. Wanda ya sayar da ita ga masu tsibbu ya haɗa laifi biyu.

Ta biyu: idan babu alamar zai tashi fa? Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, sun halatta yanka dabbar da aka fid da rai daga gare ta, ko da ba mai ciwuwa ba ce, domin a hutar da ita. Sai a wasa wuƙa, a gaggauta, kada a bar shi ga tururuwa da rana.

Ta uku: mujiya. Mutane da yawa, da sun gan ta a gida sai su ce mugun abu ne ya zo, su hau ta da jifa. Manzon Allah (S.A.W.) ya kore camfi, ya kuma ambaci na mujiya musamman, kamar yadda Buhari da Muslimu suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A.). Ba ta san gaibu ba, ba ta kawo mutuwa. Ɓerayen da suke ɓarna a rumbunanmu take bi.

Nasiha ga iyaye da malaman allo

Yawancin raunukan nan daga danƙon yaranmu suke. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya taɓa iske waɗansu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya shaida musu cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai yin haka. Kuma tsuntsun da dutse ya kashe ba a riski yanka shi ba mushe ne, cinsa haramun ne. Mu koya wa yara wannan, mu ɗora musu aikin zuba ruwa a kasko ƙarƙashin itace kowace safiya cikin bazara. Yaron da ya saba shayar da kurciya zai yi wuya ya ɗaura mata zare.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya ji ƙanmu da iyayenmu da malamanmu, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.