Amsar Tambaya: Ina Son Koyon Wasan Takobi

Tambaya: Malam, na ga wasan takobi na gasar Olamfik a talabijin, ya shiga raina. Ta ina zan fara? Daga wani matashi a Gumel.

Amsa: Ƙanena, sha'awarka ta yi mini daɗi. Wanda ya tashi yana kallon hawan sallah a ƙofar fadar Gumel, takobi ba baƙonsa ba ne. Sai dai na wasa daban yake da na barade: siriri ne, mai lanƙwasa, ba kaifi ba tsini. Iri uku ne, kuma tun 1896 ake wasan a Olamfik. A 2024 ɗan Masar Mohamed El-Sayed ya ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta Faris, a 2025 kuma Legas ta karɓi baƙuncin gasar wasan ta Afirka.

Rabin wasan a ƙafa yake, kuma wannan ba ya buƙatar ko sisi. Filin wasan tsawonsa mita 14 ne. Ka shata shi a tsakar gida, ka durƙusa kaɗan, ƙafa ɗaya a gaba, ka riƙa matsawa gaba da ja da baya kullum da safe har cinyoyinka su saba. Ka haɗa da tsallen igiya.

Abin da ban yarda da shi ba: sayen takobin maƙera a kasuwar Maigatari, ko karawa da aboki da sanda ba tare da hular raga ta kare fuska ba. Ido ba shi da madadi.

Ka tara abokai daga Gagarawa da Sule Tankarkar, ku rubuta wa hukumar wasan ta ƙasa ku nemi mai koyarwa. Ku sanar da iyayenku tukuna.