Yoyon Mai a Tsohuwar Vespa: Gargaɗi ga Masu Hawa

Duk shekara, daga Satumba zuwa Disamba, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan fito da gangamin jan kunnen direbobi da masu babura. Gudu da lodi da taya su ne aka fi ambata. Wannan takarda kuwa domin masu tsohuwar Vespa aka yi ta, dattawan da suka saye ta da kuɗin ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, da 'ya'yansu da suka gaje ta. Babur ce mai ƙarko, kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙera ta tun 1946, amma tsufa ba ya barin roba da lafiya, kuma robar da ta tsufa ita ke sakin mai.

A fara da sanin ginin inji. Vespa ba ta da sarƙa kamar sauran babura. Injinta na gefen dama, tayar baya kuma a kan sandar da ta fito daga akwatin giya take zaune kai tsaye. Man giya na cikin akwatin, birkin baya na bayan bangonsa, babu abin da ya raba su sai zoben roba guda, wanda makanikai ke kira oyil sil. Ranar da zoben nan ya bushe ya tsage, mai zai tsiyaya cikin duram, ya jiƙa takalman birki, daga nan ya fantsamu a gefen taya. Mai babur ya taka birki, babur na tafiya abinta. Birkin gaba na tsofaffin Vespa dama ba shi da ƙarfin a zo a gani, tayoyin kuma ƙanana ne, inci 8 ko 10. Wanda ya rasa birkin baya a bakin kasuwa ko a ƙofar makarantar firamare lokacin tashi, me ya rage masa?

Abin takaici, yawancin masu wannan matsala sun san da ita. Sun ga ɗigon mai a zaure kowace safiya, suka shimfiɗa kwali a ƙasa don kada uwargida ta yi faɗan ɓata daɓe, suka ce an gama. Wannan daidai yake da halin magidancin da ɗakin soronsa ya fara yoyo a farkon damina. Ya ga danshi ya zana taswira a jikin bango, ya ga ɗigo na sauka kusa da gado, sai ya sa yaro ya kawo kwano ya tara. Kwano ya cika, a zubar, a mayar. Ba ya hawa sama ya duba indararo ko ya toshe, ba ya kiran magini ya sake yaɓe, kullum sai ya ce bari ruwa ya ɗauke. Shi yana kallon kwano, ruwa kuwa yana can yana cin azara a inda ido ba ya kai wa, yana jiƙa ƙasar rufi tana ƙara nauyi, har daren da aka yi ruwan Agusta mai kwana, rufin ya rufto kan masu barci. Da safe maƙwabta su taru suna cewa ƙaddara ce, alhali kwanon yana nan a ƙarƙashin ɓaraguzai yana ba da shaida.

Babu musulmin da ke musun ƙaddara. Amma malamai sun sha karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore ɗaukar mataki, kuma rai amana ne, naka da na wanda ka goya, da na yaron da ke tsallaka titi da allonsa. Wanda ya san birkinsa na shan mai, ya ci gaba da goya matarsa zuwa awo da 'ya'yansa zuwa Islamiyya, ya tanadi amsar da zai bayar. Kada ya ce bai sani ba, ga shi an faɗa masa.

Ga yadda za ka gane. Kafa babur a kan ƙafarta, ka durƙusa ka leƙa bayan tayar baya. Idan ka ga ƙura ta dunƙule ta yi baƙi tana maiƙo a bakin duram, ko layukan mai sun bazu daga tsakiya zuwa gefen ƙarfen taya kamar an watsa su, sil ya tafi. Kada ka sake hawa, tura ta wurin bakanike. A tsofaffin samfura, da an cire filin da ke kulle babban noti, an kwance notin, an zare duram, ga sil nan a fili. A samfurin PX na baya-baya kuwa, sil ɗin a ciki yake, dole a raba inji biyu, don haka kada ka zargi bakanike da neman kuɗi idan ya ce haka. A tafi kasuwa da tsohon sil a hannu, domin girmansu ya bambanta. A kuma shafa wuyan duram inda roba ke gogawa. In ya yi kwari, sabon sil ma ba zai daɗe ba.

Sai babbar magana. Takalmin birkin da ya sha mai ya mutu, a jefar da shi. Akwai mummunar al'ada ta wanke shi da fetur, a cinna masa wuta, a goge da sanfefa a mayar. Wannan yaudarar kai ce. Man ya riga ya shige cikin fatar, da ta ɗauki zafi zai sake tsattsafowa, kuma ba zai zaɓi lokacin da hanya ba kowa ba. Bakaniken da ya yi haka ya ci amanar sana'arsa, mai babur da ya roƙe shi ya yi don tsimin 'yan nairori ya fi shi laifi. Idan an gama aiki a sa sabon fil a notin, kada a maye gurbinsa da lanƙwasasshen ƙusa.

Sauran wuraren yoyo masu sauƙi ne. A wanke inji da kalanzir, a bari ya bushe, a ɗan zaga, sannan a barbaɗa toka a ga inda ta fara jiƙewa. Mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma baya take kai shi, saboda haka a nemi danshin da ya fi kowanne sama. Galibi washar notin juye mai ce, ko gaskit ɗin murfin kulochi, ko ƙaramin zoben sandar kik, ko wajen canjin giya. Akwai 'yar ƙofar numfashi a saman murfin kulochi, in ta toshe da ƙura sai mai ya nemi hanya ta ƙarfi. Cikawa fiye da kima ma na jawo yoyo: akwatin giya kimanin mililita 250 na SAE 30 yake ɗauka, da ya kawo bakin ramin zubawa a tsaya.

Baƙin maiƙon da ke ɗiga daga salansa ba man giya ba ne, ragowar man da ake gaurayawa da fetur ne, kuma yakan yi yawa idan an wuce mililita 20 a kowace lita a injinan da ke shan kashi 2 cikin 100. Amma idan hayaƙi ya yi kauri, man giya na raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba, kuma wanda ka juye yana warin fetur, to sil ɗin gefen kulochi ne ya tsage, inji na zuƙar man yana ƙonawa, wannan ma sai an raba inji. Tsohon man da aka juye a tara shi a galan a rufe, kada a kwarara a kwata ko kusa da rijiya.