Kacici-kacici a Matsayin Hanyar Jawo Yaro Kusa da Malami

A al'adar Bahaushe, yaro ba ya haɗa ido da babba, balle ya yi masa tambaya. Wannan kunya takan bi shi har cikin aji, ta hana shi faɗin abin da bai gane ba. Kacici-kacici yana sassauta ta, musamman idan malami ya bar yara su riƙa jefo tambaya, shi kuma yana amsawa. Idan amsa ta gagare shi, sai ya ba da gari kamar kowa, Kano ko Katsina, yaron ya karɓa sannan ya warware. Kuskuren da sababbin malamai kan yi shi ne mayar da wasan jarrabawa, har da tsawa ga wanda ya kasa. Minti goma a ƙarshen darasi sun wadatar.