Darasi na Tara: Shuɗaɗɗen Lokaci, Tambaya da Korewa

A wannan darasi za mu koyi yadda ake ba da labarin abin da ya riga ya faru, da yadda ake tambaya a kansa, da kuma yadda ake kore shi.

Karatu: Jalingo

A ƙarshen ƙarni na 19, Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mai da Jalingo mazauninsa. Garin ya bunƙasa, unguwanni irin su Turaki da Sintali da Majidadi suka cika da jama'a. Amma Jalingo ba ta zama babban birnin jiha ba sai ranar 27 ga Agusta, 1991. A wannan rana ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba tsohuwar Jihar Gongola gida biyu, aka sami Adamawa da Taraba. An samo sunan sabuwar jihar daga Kogin Taraba. A 1992 Rabaran Jolly Nyame ya hau kujerar gwamna, kuma a 2008 aka kafa Jami'ar Jihar Taraba.

Inda lokaci yake a jimla

A Turanci, aikatau ne yake sauya kama domin ya nuna lokaci: *go* ya koma *went*, *cook* ya koma *cooked*. A Hausa kuwa, aikatau yana nan yadda yake. 'Yar kalmar da take zuwa kafin aikatau, wato zagin aikatau, ita ce take ɗauke da lokaci: *mun tafi*, *za mu tafi*.

Shuɗaɗɗen lokaci iri biyu ne, amma korewarsu ɗaya ce.

| Na ɗaya | Na biyu | Korewa |
|---|---|---|
| na zo | na zo | ban zo ba |
| ka zo | ka zo | ba ka zo ba |
| kin zo | kika zo | ba ki zo ba |
| ya zo | ya zo | bai zo ba |
| ta zo | ta zo | ba ta zo ba |
| mun zo | muka zo | ba mu zo ba |
| kun zo | kuka zo | ba ku zo ba |
| sun zo | suka zo | ba su zo ba |
| an zo | aka zo | ba a zo ba |

A lura: *na, ka, ya, ta* rubutunsu ɗaya ne a layi na ɗaya da na biyu, amma furucinsu ya bambanta. Ana jan wasalin a na ɗaya, ana taƙaita shi a na biyu. Ana amfani da na ɗaya wajen faɗin cewa abu ya auku. Na biyu kuwa yana zuwa wajen jera aukuwar abubuwa a labari, da bayan *da* mai ma'anar "wanda": *yaran da suka zo*.

Tambaya

Turanci yana buƙatar *did* domin yin tambaya. Hausa ba ta buƙatar irin wannan kalma. Idan amsar *i* ce ko *a'a*, sai a bar jimlar yadda take, a ɗaga murya a ƙarshe, ko a fara da *shin* ko *ko*: *Kun ci abinci? Shin sun iso?*

Idan kuwa tambayar ta fara da *wa, me, ina, yaushe, yaya* ko *don me*, dole a yi amfani da na biyu: *Yaushe suka iso? Me kika saya?* Kuskure ne a ce *Yaushe sun iso?*

Korewa

Korewa tana da *ba* guda biyu: ɗaya a farko, ɗaya bayan aikatau da abin da ya biyo shi. Ɗalibai da yawa sukan manta da ta ƙarshe, su ce *ban biya*. Wannan jimla ba ta cika ba, kuma a hayaniyar kasuwa mai saurare yana iya rikicewa, har a yi jayayya kan kuɗi.

Hira a unguwar Turaki

Inna: Ka kai masarar wurin mai niƙa?
Ɗa: I, Inna, na kai.
Inna: Ka biya shi?
Ɗa: A'a, ban biya ba.
Inna: To, ina ka kai kuɗin?
Ɗa: Na ba Yaya ajiya. Ban sami mai injin ba, yaransa na tarar.
Inna: Me suka ce?
Ɗa: Sun ce ba a kawo wuta ba tun safe.
Inna: Ka kyauta da ba ka bar kuɗin ba. Allah ya yi maka albarka.

Aiki

A. Amsa da cikakkiyar jimla:
1. Yaushe aka ƙirƙiro Jihar Taraba?
2. Wa ya mai da Jalingo mazauninsa?
3. Don me yaron bai biya kuɗin niƙa ba?

B. Kore waɗannan jimloli:
1. Mun je kasuwa jiya.
2. Kin wanke tufafi.
3. An rufe makaranta.

C. Gyara kuskuren da yake cikin kowace jimla:
1. Ina kun sayi littafin?
2. Bai dawo gida.
3. Me sun dafa?

D. Tambayi wani dattijo a unguwarku abin da ya gani a 1991. Rubuta tambayoyi biyar da ka yi masa da amsoshinsa, biyu daga ciki su kasance na korewa.