Darasi a Kan Abinci: Wutar Kara da Wutar Kirya

Ya 'yan'uwa, kowace mace ta san bambancin wutar kara da wutar kirya. Kara yakan tashi bal-bal, nan da nan ya zama toka. Kirya kuwa takan ci a hankali, har garwashinta ya kwana. Haka abinci yake a cikin jikin mutum.

Tuwo da shinkafa da burodi da rogo, in sun shiga ciki, sukan zama sukari, su shiga jini. Waɗansu sukan shiga da gaggawa, waɗansu sannu-sannu. A shekara ta 1981 Likita David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto, ƙasar Kanada, suka fito da ma'aunin wannan sauri. Akan ba mutane abincin, a yi ta auna jininsu har awa 2. Sukarin gulukos zalla aka ba shi lamba 100. Abincin da ya kai 70 ko fiye, mai sauri ne. Daga 56 zuwa 69, matsakaici. Daga 55 zuwa ƙasa, mai tafiya sannu.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Ƙasar Bagudo ƙasar shinkafa ce, daga fadamun Kwara har Illo da Lolo a bakin iyakar Benin. A gidaje da yawa akan ci ta safe da dare. Farar shinkafa da farin burodi suna cikin masu sauri. In sukari ya riƙa hawa a jini kowace rana, shekara da shekaru, mutum yana kusa da ciwon sukari. Wannan ciwo yakan kashe ido, ya lalata ƙoda, ya bar miki a ƙafa wanda ba ya warkewa.

Ba a ce a daina cin shinkafa ba. Ga abin da za a yi:

1. A haɗa ta da wake. Wake da gyaɗa suna cikin masu tafiya sannu, suna kuma rage saurin abin da aka ci tare da su.

2. A yawaita miyar kuɓewa da kuka da zogale da rama, a sa kifi. Kifi ba ya hau da sukarin jini.

3. A lura da dahuwa. Shinkafar da aka turara kafin a casa ta ba ta kai ɗanya sauri ba. Wadda aka tuƙa ta yi laushi kuwa ta fi mai tsaba-tsaba sauri.

4. A rage malmala. Ko abinci mai tafiya sannu ne, in ya yi yawa, sukarinsa zai yi yawa.

5. A rage sukari a koko da fura da shayi, a bar lemon kwalba.

Mai yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, ya tafi asibiti a auna jininsa. Wanda kuma likita ya ba magani, kada ya bar shi don ya gyara abincinsa.

Tambayoyi

1. Wane abinci ne a gidanku yake kama da wutar kara?
2. Me za ku iya haɗawa da shi daga gonarku ko daga kogi?
3. Waɗanne alamu ne za su sa a kai mutum asibiti?