Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Da Ke Son Rubuta Waƙa

Ya ku 'ya'yana na Moriki, Zurmi, Ƙaura Namoda da Shinkafi,

Na ga baitocin da kuke turawa a waya, kuma raina ya yi fari. Sai dai mai ƙaunarka shi ke gaya maka gaskiya: da yawanku kun iya tara kalmomi masu daɗi, amma ba ku auna su.

Ni ma haka na fara. Ina saurayi na kai wa wani dattijon malami waƙata, ina ji da kaina. Bai duba takardar ba, sai ya ce, "Yaro, rera mini." Ban kai baiti na uku ba numfashina ya sarƙe, ɗango ɗaya ya yi tsawo, na biye ya gutsure. Ya ce, "Waƙa da kunne ake aunata." Tun ranar ban sake sakin baiti ba sai na rera shi.

To ku fara da gaɓa. Wata mai nauyi ce, wata marar nauyi. Ku furta "manomi" a hankali: gaɓar farko marar nauyi, biyun ƙarshe masu nauyi. Wannan ita ce ƙafar karin Mutaƙarab. Ku furta "kasuwa": mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi. Ga ƙafar Mutadarak nan. Kun ga ashe aruli, wato ilimin awon waƙa da kuke tsoro, yana bakinku tun kuna goye.

Daga nan sai zubi. Baiti mai ɗango biyu shi ne 'yar tagwai, akwai ƙwar uku da ƙwar huɗu, har ƙwar biyar. Akwai tahamisi, inda za ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ka ɗora masa uku naka ba tare da an ga ɗinki ba. Ku gwada shi, don babu makarantar da ta fi shi koyar da ladabin alƙalami. Ku kuma kula da amsa-amo, babba da ƙarami. Kada ku jawo kalmar da ba ta da aiki don kawai ta ƙare da "wa" ko "na". In amsa-amo ya tilasta maka faɗin abin da ba ka nufi ba, rushe baitin ka sake gini.

Ku karanta magabata. Ku nemi Imfiraji ta Aliyu Namangi, da waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, waɗanda duka biyun suka rasu a 1958 amma har yau ana nazarinsu, da Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu. Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo zai nuna muku yadda ake rarrabe jigo da salo. Sannan kada ku raina na gida. Ƙasar da ta haifi Kassu Zurmi, take maƙwabtaka da Tubali, garin Narambaɗa, ba ta rasa malaman sarrafa harshe ba. Ku saurare su da kunnen ɗalibi, ku lura da yadda suke ajiye kalma daidai inda kiɗa ya faɗi.

Wasunku na cewa waƙar zamani ba ta bukatar kari. Ban hana ku sabon salo ba. Amma sai wanda ya san hanya ne ke iya yanke ba tare da ya ɓata ba.

Abu na ƙarshe shi ne jigo. Kada ku ari kukan wasu alhali naku na nan. Kun ga gonar da aka bari ba shuka saboda 'yan bindiga. Kun ga uwa zaune bakin zaure tana jiran wanda aka ɗauke. Kun kuma ga ranar da gero ya shigo rumbu, gida ya cika da dariya. Ku rubuta waɗannan da Zamfarcinku, cikin awo mai kyau, domin magana mai kari ita ce ke zama a ka, jikoki su haddace ta bayan ba mu.

Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Naku,
Kawunku mai ƙaunarku, daga Moriki.